Shekarar Ikilisiya a Cikin Gidajenmu



A garuruwan da muke zaune, yaro ba ya bukatar a gaya masa azumi ya kama ko Sallah ta matso. Kasuwa za ta gaya masa, tela zai gaya masa, har ragon da aka ɗaure a ƙofar gida. Maƙwabtanmu sun riƙe lokatansu da kyau, ba mu ga laifinsu ba. To, wa zai gaya wa ɗanmu yau ce Fentikos? Makarantar Lahadi sa'a ɗaya ce ko biyu a mako. In ba a faɗa a gida ba, ranar ta wuce ke nan.

A Fitowa 12:26-27 Musa ya shaida wa Isra'ilawa cewa 'ya'yansu za su tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa, iyaye kuma su ba da amsa. Ku lura, sai da yaron ya ga ana yin abu a gida kafin ya yi tambaya.

Shekararmu tana farawa da Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, lokacin jiran zuwan Almasihu. A yawancin gidajenmu zancen ɗinki da shinkafa ne yake cinye makonnin nan. Bayan tuwon dare a buɗe Ishaya 9 da Luka 1 da 2, kaɗan kaɗan, yaron da ya iya karatu ya karanta. Wanda za mu aika da kwanon abinci gidan maƙwabta ranar 25 ga Disamba, ya kamata ya san abin da zai ce in aka tambaye shi murnar me ake yi.

Wata tambayar da 'ya'yanmu suke sha a makaranta ita ce, "Ku ba kwa azumi?" Anglikan da Katolika da Lutheran suna kiyaye kwana 40 kafin Ista, waɗansunmu ba sa yi, ba kuwa yau za mu yi wannan gardama ba. Amma kowane yaro ya san Yesu ya yi azumi a jeji (Matiyu 4), ya kuma koya mana mu yi namu ba don idon mutane ba (Matiyu 6:16-18).

Ista kuwa, yara kan yi mamaki don ranarta tana sauyawa. Ku gaya musu mu ma muna lissafi da wata. Ana yin ta ranar Lahadin da ta bi cikar wata, daga 21 ga Maris zuwa gaba, shi ya sa ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Bazara ce, dā ma a tsakar gida muke kwana. A nuna musu watan yana cika, a bi da su labarin makon daki daki, daga shiga Urushalima har kabarin da aka tarar ba kowa.

Kwana 40 bayan Ista, ranar Alhamis, Hawan Yesu Sama. Ba hutu, don haka a tuna da ita a addu'ar safe.

A rana ta 50 sai Fentikos, a bakin damina. Ayyukan Manzanni 2 ta nuna kowa ya ji bishara da harshensa. Yaron da aka taɓa ce masa Bahaushe ba ya zama Kirista yana bukatar wannan sura. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A miƙa masa, ya karanta ta da babbar murya a gaban kakanninsa.