Kafin Ƙudiri Ya Zama Doka: Nauyin Da Ke Kanmu Game Da Majalisar Dokokin Jihar Kano

(Wannan shi ne matanin jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na wata-wata a unguwar Dakata. Mun kawo shi ne domin amfanin 'yan uwan da ba su sami halarta ba.)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ina gaida malamanmu da iyayenmu da ke zaune a wannan wuri, ina kuma gaida 'yan uwa ma'aikata waɗanda suka taso daga Bompai, wasu ma daga Sharaɗa da Chalawa, suka wuto nan ko gida ba su biya ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Abin da aka ɗora mini in yi bayani a kansa shi ne ƙudurorin doka da ke bi ta Majalisar Dokokin Jihar Kano, da yadda suke tafiya tun daga ranar da aka gabatar da su har ranar da za su hau kan jama'a. Dalilin zaɓen wannan batu kuwa a fili yake. Mun saba ba ma jin labarin doka sai ranar da ta iso ƙofar gidanmu, ko dai a hannun mai karɓar haraji, ko a bakin alƙali, ko kuwa a wurin ɗaurin aure, lokacin da liman zai nemi wata takarda wadda waliyyi bai taɓa jin sunanta ba. A ranar sai a yi ta ƙorafi, alhali kuwa an bar kari tun ran tubani.

Bari mu fara da ita majalisar. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma kujerun majalisarta 40 ne, domin Tsarin Mulkin 1999 ya ƙayyade cewa majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Mu a nan Dakata muna cikin ƙaramar hukumar Nasarawa, kuma muna da wakilinmu a wannan zaure da ke harabar Sakatariyar Audu Baƙo. Tsarin Mulki ya wajabta wa majalisar ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, ya kuma ce zama yana halatta idan kashi ɗaya cikin uku na wakilai sun hallara. Ku yi lissafin da kanku, 'yan uwa. Mutum 14 sun isa a buɗe zama, kuma rinjayen waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ya isa a zartar da magana. Ke nan mai yiwuwa ne mutum bakwai ko takwas su yanke abin da zai hau kan jihar da aka ƙidaya mata sama da mutum miliyan 9 tun a 2006.

Shi ƙudiri yakan zo ne ta ɗaya daga hanyoyi biyu: ko gwamna ya aiko da shi, ko ɗan majalisa ya kawo. A karatu na farko suna kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, ana so ko ba a so. Daga nan sai a miƙa shi ga kwamiti, kuma a nan ne kwamitin zai iya kiran zaman jin ra'ayin jama'a, inda malamai da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane suke da damar miƙa takarda ko su yi magana da baki. Bayan kwamiti ya kawo rahoto, majalisa takan bi ƙudirin sashe bayan sashe, sannan a yi karatu na uku a aika wa gwamna. Sashe na 100 na Tsarin Mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa ta sake zartarwa da rinjayen kashi biyu cikin uku, to ya zama doka ko babu sa hannunsa. Wanda ya lura da wannan tsari zai ga cewa ƙofa ɗaya ce aka buɗe wa talaka a cikinsa, wato tsakanin karatu na biyu da na uku. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, yaya abin yake gudana a aikace? Zan kawo misalai huɗu waɗanda duk mun shaida su da idanunmu.

Misali na farko shi ne dokar masarautu. A watan Mayu na 2019, cikin 'yan kwanaki ƙalilan, majalisa ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa mata hannu ran 8 ga watan. A watan Nuwamba na wannan shekara Babbar Kotun Jiha ta soke dokar, bisa hujjar cewa ba a bi ƙa'idar da ta dace wajen shigar da ita majalisa ba. Sai aka sake kawo ta, aka zartar, aka sa hannu ran 5 ga Disamba, 2019. Shekara biyar ba ta cika ba, ran 23 ga Mayu, 2024, wata majalisar ta soke wannan doka, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka mayar da Muhammadu Sanusi II kan gadon sarauta, shari'u kuma suka biyo baya har Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ban tsaya a nan don in goyi bayan wani ɓangare ba, kowa a cikinku yana da ra'ayinsa. Darasin da nake so mu ɗauka guda biyu ne. Na ɗaya, idan masu mulki suna son abu, ƙudiri yakan gama tafiyarsa cikin kwana biyu ko uku. Na biyu, dokar da aka yi cikin gaggawa ba tare da an ji ta bakin jama'a ba, cikin gaggawa ake rushe ta, garin kuma shi ke kwana a ciki.

Misali na biyu kishiyar na farko ne, wato dokar kare yara. Gwamnatin Tarayya ta yi dokarta ta haƙƙin yara tun 2003, aka bar wa kowace jiha ta yi tata. Kano ba ta sami tata ba sai a watan Mayu na 2023, ana saura 'yan kwanaki gwamnati ta sauka. Shekara ashirin ke nan. Gaskiya ne akwai dalilin tsaiko, domin malamai sun ga wasu sassa na dokar tarayya ba su dace da addini da al'adar mutanenmu ba, kuma tsayawa a gyara irin wannan wajibi ne. Amma gyaran sassa kaɗan ba ya cin shekara ashirin. Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a tuna mana da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a watan Disamba na 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022, wanda aka damƙa wa amanar karatunta kuma shi kotu ta samu da laifin kashe ta. A unguwanninmu abin ya faru. Bayan wannan musiba ne kiraye-kirayen a yi dokar suka ƙaru. Allah Ya jiƙanta, Ya ba iyayenta haƙuri. Tambayar da ta rage mana ita ce: dole ne sai an yi rashi irin wannan kafin ƙudiri ya motsa daga aljihun tebur?

A ƙarƙashin wannan misali zan ambaci daftarin dokar iyali, wanda Sarkin Kano ya yi shelarsa a farkon 2017, aka tara malamai da masana shari'a suka yi aiki a kan aure da saki da ciyarwa da riƙon 'ya'ya. An yi ta ce-ce-ku-ce a gidajen rediyo, mafi yawan masu magana ba su ga daftarin da idonsu ba, shekaru suka wuce bai zama doka ba. Matan da ake saki a kore su da goyo ba tare da ko kwabo ba kuwa suna nan suna cika ofisoshin Hisba da kotunan shari'a.

Misali na uku ya shafi limamanmu kai tsaye. A watan Mayu na 2024 gwamna ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta wajabta wa masu niyyar aure gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na gado, ta kuma hana ɗaura aure ba tare da takardar shaida daga asibitin da gwamnati ta amince da shi ba, tare da tanadin tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Manufar dokar kyakkyawa ce. Likitoci sun tabbatar cewa idan miji da mata duka suna da AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon sikila, kuma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai wannan ciwo ba zai yi jayayya da a yi gwaji ba. Sai dai akwai tambayoyin da lokacin yinsu shi ne sa'ad da ƙudirin ke gaban kwamiti. Wa zai biya kuɗin gwaji ga leburan da ke karɓar ladan yini? Yaya liman zai bambance takardar gaskiya da ta jabu? Wa zai rufa asirin wanda sakamakonsa bai yi daɗi ba? Ina tambayar malamanmu cikin ladabi: mu nawa ne a cikinmu muka karanta ƙudirin kafin ya zama doka, alhali mu ne za a fara tuhuma idan aka saɓa?

Misali na huɗu shi ne ruwan da ke bi ta bayan gidajenmu. Dagwalon masana'antun Bompai yana gangarawa rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya nufi madatsar Wasai ta Minjibir, kuma a kan hanyarsa da shi ake ban ruwan latas da kabeji da alayyafon da ke dawowa kasuwanninmu. Na Sharaɗa yana bi ta Salanta, na Chalawa kuma yana faɗawa kogin Chalawa, kogin da gari ke ɗibar ruwan sha daga gare shi. Masana'antun jima suna aiki da sinadarin kuromiyom, wanda ke taruwa a ƙasa da jikin tsiro. A nan matsalar ba ta rashin doka ba ce. Tarayya ta kafa hukumar NESREA tun 2007, jiha kuma ta yi dokar hana gurɓata muhalli a 2022. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa, kuma sa ido kan aiwatarwa aikin majalisa ne, domin Tsarin Mulki ya ba ta ikon kiran kwamishina ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani, ita ce kuma ke amincewa da kasafin kuɗin da za a yi aikin da shi. Ba ma neman a rufe masana'anta, da su muke ci da iyalanmu, kuma mun ga abin da rufewar masaƙu ta jawo wa garin nan. Muna neman a tace ruwan kafin a sake shi.

Ya kamata kuma mu san iyakar ikon majalisar jiha, don kada mu kai kuka inda ba a share hawaye. Mafi ƙarancin albashi da dokokin ƙwadago na Majalisar Tarayya ne, ita ce ta mayar da shi naira 70,000 a watan Yuli na 2024. Amma filaye da kasuwanni da makarantun firamare da sakandare da asibitocin jiha da harajin jiha duk suna hannun majalisarmu. Gyaran Tsarin Mulki na 2023 ma ya buɗe wa jihohi ƙofar yin doka kan samar da wutar lantarki da rarraba ta, kuma babu wanda wannan ya shafa kamar mai aiki a masana'antar da ke tsayawa cik idan an ɗauke wuta.

To, mene ne abin yi? Shawarata ita ce kowane reshe ya ware mutum uku ko huɗu masu karatun boko da na addini, aikinsu shi ne bibiyar abin da ke gaban majalisa, su nemo kwafin ƙudiri daga ofishin akawun majalisa ko daga wakilin mazaɓa, su fassara shi da Hausa, a karanta a zama irin wannan. Idan an kira jin ra'ayin jama'a, ko kan doka ko kan kasafin kuɗi, mu tafi da takarda rubutacciya mai nuna sashe kaza ne muke so a gyara, ga dalili, ga kuma lafazin da muke ganin ya fi. Hayaniya a bakin ƙofa takan tashi tare da ƙurar masu yinta, takarda kuwa tana shiga rahoton kwamiti. Sannan mu riƙa gayyatar wakilinmu ya zo ya zauna da mu aƙalla sau biyu a shekara, mu tambaye shi ƙudurorin da ya goyi baya da waɗanda ya ƙi. Mu daina tarbarsa da takardar asibiti da katin biki kawai, domin wanda ka roƙa da safe ba za ka iya tuhumarsa da yamma ba.

Dattawan da ke nan za su tuna shekarar 2000, lokacin da jama'ar Kano suka tsaya kan magana ɗaya har aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, daga baya aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. Majalisa ta ji a wancan lokaci saboda mutane sun san abin da suke so, sun kuma bi shi har ƙarshe. Wannan himma ita ake bukata a kan lafiyar yaro da haƙƙin matar da aka saka da ruwan da muke sha, domin dukkansu amana ce da za a tambaye mu a kanta.

A nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi. Abin da na faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuma Ya yafe mini, malamai su gyara. Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba su mashawarta na gari, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.