Wanda Ke Tsare Kaya Tsakanin Masana'anta da Hannun Mai Saye
Jawabin baƙo mai jawabi a taron reshen ƙungiya

Ranka ya daɗe Shugaban reshe, iyayena malamai maza da mata, ina gaishe ku da gaisuwar ɗalibi ga malamansa, domin daga hannun irinku na fito.

An nemi in yi bayani a kan sana'ata, wato fasahar ƙunshe kaya. Bari in fara da tumatir. Duk wanda ya ga ana loda shi a kwanduna daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ya san yadda na sama ke danne na ƙasa, har ruwa ya riƙa tsiyaya kafin a isa. Manomi bai yi kuskure ba, mazubin ne ya ci amanarsa. Idan aka zuba shi a akwatunan roba masu hawa kan juna, jikin akwati ne ke ɗaukar nauyin, tumatir ya isa lafiya. Irin wannan tunani shi ne aikinmu.

Masanin ƙunshe kaya yakan fara da tambayar mene ne abokin gabar wannan kaya. Man gyaɗa iska ke sa shi ɗoyi, madarar gari danshi ke dunƙule ta, wasu magunguna kuwa haske ke rage ƙarfinsu, shi ya sa ake zuba su a kwalba mai duhu. Amsar ce ke nuna masa abin da zai zaɓa: gilashi, gwangwani, kwali ko leda. Kwalin lemo da kuke gani ba takarda ce kaɗai ba, akwai shimfiɗar roba da ta alminiyam a cikinsa. Bayan zaɓi sai gwaji: a jefa kwali daga sama, a danne shi da nauyi, a ajiye kaya cikin zafi a ga kwana nawa za su jure. Sannan ya tabbatar rubutun jikin mazubi, da ranar ƙarewar aiki da lambar rajista, sun cika sharuɗɗan NAFDAC da SON.

Ilimi ne mai tarihi. A 1810 Bafaranshe Nicolas Appert ya wallafa hanyar adana abinci cikin rufaffiyar kwalba da aka dafa, kuma a 1952 Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ta fara koyar da ƙunshe kaya a matsayin fanni mai zaman kansa.

To, ta ina yaranmu za su shiga? Tushen yana ajinku: lissafi, kimiyyar sinadarai, fiziks da Turanci. Daga nan ƙofofi suna da yawa, kamar kimiyyar abinci, injiniyancin sinadarai, fannin roba da saƙa a Jami'ar Ahmadu Bello, ko fasahar ɗab'i a kwalejin kimiyya da fasaha. Lokacin koyon aiki na SIWES ya nemi gurbi a masana'antun Sharaɗa, Bompai ko Challawa. Galibi ana farawa ne daga sashen duba ingancin kaya. Ba zan ɓoye muku ba, akwai aikin dare, da ƙarar inji, da tsayuwa mai tsawo, kuma kuskure ɗaya a rubutun mazubi na iya sa a janye kaya daga kasuwa.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu. Ledar ruwa da ke toshe magudanai aikin hannunmu ce, kuma a Janairun 2024 Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na soso. Ana buƙatar matasan da za su samo madadi.

Roƙona ɗaya ne. Yaro ba ya burin sana'ar da bai taɓa jin sunanta ba. Gobe ku shiga aji da gwangwanin madara ko kwalin sabulu, ku tambayi ɗalibai dalilin da ya sa aka yi shi haka. Wanda ya tsaya yana jujjuya shi bayan an tashi, ku riƙe hannunsa.