Amsar Wasiƙunku: Ina Jidda, Ina Son In Gyara Gidanmu Na Gado

Yau wasiƙa guda za mu ɗauka, don kuwa irinta sun taru mana da yawa daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ta fito ne daga wani ɗan'uwa mutumin ƙasar Kiru wanda ke neman abinci a Jidda, ya kuma roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce mahaifinsu ya rasu shekara shida ke nan, ya bar matar aure ɗaya, wato mahaifiyarsu, da 'ya'ya maza uku da mata biyu, da gidan ƙasa wanda damina ta fara ci. Yana son ya aiko da kuɗi a gyara, a yi masa ɗaki biyu da zai sauka da iyalinsa in ya dawo. Tambayarsa ita ce, wa zai damƙa wa aikin, kuma ta ina za a fara?

To Malam, mun gode, Allah ya sa ka gama da can lafiya. Ka kuma sani ba kai ne farau ba. Tun zamanin fataken goro mutanen wannan yanki ke fita. Alhassan Ɗantata ma a Bebeji aka haife shi a 1877, ya yi fatauci har Ankara ta ƙasar Gana, daga baya ya dawo ya zauna a Kano har rasuwarsa a 1955.

Amma ka yi mini haƙuri, akwai tambayar da ka tsallake, ita ce kuwa babba. Shin an raba gadon nan? Wasiƙarka ba ta ce an raba ba, saboda haka na ɗauka ba a raba ba. To bari mu yi lissafi tare. Idan iyayen marigayin sun riga shi rasuwa, kuma ba bashi ba wasiyya, mahaifiyarku tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas. Sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. A kasa gidan kashi 64: tsohuwa ta ɗauki 8, kowane namiji 14, kowace mace 7. Ka ga ke nan naka 14 ne cikin 64, bai ma kai rubu'i ba. Duk bulon da ka ɗora, duk kwanon da ka buga, a kan abin da kashi 50 nasa na wasu ne ka ɗora shi. Gini ba ya mayar da fili ya zama na mai ginin.

Na san abin da za ka ce: ai mu ba ma haka, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Madalla, Allah ya ƙara haɗa kanku. Sai dai ba ku nake ji wa ba, 'ya'yanku nake ji wa. Ranar da ba ku, ɗanka zai ce ubana ya gina da riyal ɗinsa, ɗan wanka ya ce filin kakana ne, 'ya'yan matan kuma da aka manta da su su zo da nasu. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci ranar da ake sauraron ƙarar gado ya san ba tatsuniya nake yi ba.

Abin yi a nan ba wuya. Ka sa a tara magada duka, har matan da ke gidajen aurensu, kada a ce wai za a gaya musu daga baya. A kira malami masanin gado, da mai unguwa ko dagaci. Kai kuma ga waya, a sa ka a kan layi ka ji da kunnenka. Sai ku zaɓi ɗaya cikin uku. Ko a raba a nuna maka ɓangarenka ka yi gininka a ciki. Ko a yi wa gidan kuɗi ka sayi rabon wanda ke son sayarwa. Shari'a ma ta ba abokin tarayya fifiko a kan bare wajen sayen kason da ba a raba ba, abin da malamai ke kira shufu'a. Ko kuwa ka ce gyaran nan kyauta ce ka yi wa mahaifiyarka da 'yan'uwanka don Allah, ba ka bin kowa. Wannan na ukun yana da lada, amma ka faɗe shi da bakinka gaban shaidu, kada bayan shekara goma ka ce ba haka kake nufi ba. Kowanne kuka zaɓa a rubuta, kowa ya sa hannu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka rubutu tsakanin 'yan'uwa ba rashin yarda ba ne. In da hali a nemi takarda a ƙaramar hukuma, domin dokar filaye ta 1978 ita ta ba ikon bayar da shaidar mallakar fili a karkara.

Sai maganar wakili. Shawarata ita ce kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi kuma ya riƙe aiki. Wani ya tsaya kan magina, wani dabam ya riƙe kuɗi da littafi. Kada ka turo kuɗin gaba ɗaya. Ka turo na harsashi, in an gama ka gani, sannan na bango, sannan na rufi. Hoton waya yana da amfani, amma bangon maƙwabci ma yana shiga hoto. Ka ce a kira ka ta bidiyo, a faro daga ƙofar zaure a zaga da kai har ciki. Mai tsaya maka kuma ka yanka masa ladansa a fili. Mutum ya bar gonarsa ya wuni cikin yashi, in ba ka ba shi ba, zuciya za ta ba shi.

A nan zan juyo gare ku, ku da ke gida ake aiko muku. Kuɗin nan amana ne, gumi ne na mutumin da ke ɗaukar kaya ko tuƙi ko gadi cikin zafin Hijaz. Na san yadda abin ke farawa, ba da niyyar cuta ba. Kaka ta yi, shinkafa ta yi araha a kasuwar Tudun Wada, masara ta cika Kwanar Ɗangora, sai mutum ya ce bari in juya kuɗin siminti wata uku in mayar da riba. Waɗanda suka yi ajiyar hatsi suka ga yadda farashi ya faɗo a 2025 su za su ba ku labari. In kana son jari, ka roƙa a ba ka jari.

Kai kuma Malam, ka lura da canji. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a dala guda, tun 1986. Naira kuwa, a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, a lokacin ne buhun siminti ya kai naira 10,000 a wurare da dama. Saboda haka kada ka canza kuɗin aikin baɗi a bana su zauna a asusun wani. Ko ka riƙe su can, ko a mayar da su kayan da ba sa lalacewa, kamar kwano da rodi da ƙusa. Ban da siminti. Siminti in ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, in ya sha raɓa kuwa ya zama dutse.

Ta ina za a fara aikin? Ta inda ruwa ke shiga. Kudancin Kano ba kamar Ɗambatta ko Kunci ba ne. Daga Kiru ka gangara Tudun Wada har duwatsun Riruwai ruwan sama ya fi yawa, damina ta fi tsawo. Gidan ƙasa kuwa ta sama da ta ƙasa yake mutuwa. A duba rufi, a duba azara ko gara ta cinye ta, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a yi dakali kewaye, a buɗe wa ruwan tsakar gida hanya. Fenti da tayil su ne na ƙarshe, ko da yake na san su ne suka fi kyau a hoto.

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne a shafe tsohon bangon ƙasa da filastar siminti a ce an gyara. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Ruwa ya sami 'yar kafa ya shige baya, bango ya jiƙe daga ciki ba mai gani, wata rana cikin Agusta sai a ji rugum. Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, a kan kari, irin wanda tsofaffin magina suka iya, da makuba in an samu. Kada kuma ka raina soro. Ka zauna a ɗakin kwano marar silin cikin watan Afrilu ka gaya mini. In bulo za ka yi, a buga shi a gaban wakilinka; wanda ya fitar maka da bulo hamsin mai inci tara daga buhu guda, yashi ya sayar maka. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako, balle da hunturu da iska ke busar da shi da wuri. Lokacin aiki kuwa daga bayan girbi ne zuwa Afrilu. Ka kama magininka da wuri, tun matasa ba su watse ci-rani ko noman rani a Kadawa da bakin Tiga ba. In za a haƙa sabon masai, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kuma ya kasance ta gangare.

Ka ce ɗaki biyu kake so. Ni dai da za ka ji tawa, ka gama ɗaya tsaf, da ƙofa da makewayi, kafin ka taɓa na biyu. Zaman ƙasar wani ba shi da tabbas. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. A Nuwamban 2013 Saudiyya ta shiga kamen marasa izinin zama. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, mutanenmu suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Wanda irin wannan ta same shi, ɗaki guda mai rufi ya fi masa harsashin ɗaki shida.

In an gama kada a garƙame shi shekara da shekaru, gara da ɓera su gaje ka. Ka sa wani ɗan'uwa ya zauna, amma a faɗa gaban shaidu cewa aro ne. Ɗakin tsohuwa kuwa kada a taɓa shi sai da yardarta, ko da kana ganin ya tsufa. A tambaye ta abin da take so, wataƙila rumfa ce kawai da wurin ɗaure awakinta. Kafin ka kwaso iyali, ka zo kai kaɗai ka kwana biyu, in so samu ne da damina, ka ga inda ke yoyo da idonka. Yaran da aka haifa can, waɗanda Larabci ya fi Hausa a bakinsu, a fara nema musu makaranta tun ba su iso ba, uwarsu kuma a ware mata madafarta tun farko.

Sauran wasiƙun da suka zo daga Yaryasa da Ɗadin Kowa da Rahama a kan jinginar gona, mun ajiye su sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.