Darasin Aikin Kiyaye Zaman Lafiya a Cadi

Jama'a, Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa a ƙarshen 1981 Nijeriya ta aika da sojojinta Cadi su tsare zaman lafiya, tare da na Senegal da Zayar, a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Amurka ta taimaki rundunar, amma a ɓoye tana ba madugun 'yan tawaye, Hissène Habré, makamai. Ran 7 ga Yuni 1982 Habré ya ƙwace Njamena daga hannun Shugaba Goukouni, rundunar kuwa ta janye. Lalle mai raba faɗa ba ya cin nasara muddin wani babba yana zuga ɗaya ɓangaren.