Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ina gaida masunta na bakin tafkin Kainji, da manoman shinkafa da albasa na Yauri da Ngaski da Shanga, da 'yan kasuwa da ma'aikata na cikin Yelwa. Yau za mu yi magana a kan kuɗi, da yadda mutum zai shirya abin da Allah ya ba shi har ya kai ga biyan bukata. Karatunmu yana cikin Farawa sura 41.

A can mun ga Fir'auna ya yi mafarki, Yusufu kuwa ya bayyana masa cewa shekara bakwai na ƙoshi suna zuwa, shekara bakwai na yunwa kuma suna biye. Sa'an nan ya ba da shawara a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi, a tara a birane. Ku lura da kyau, an yi tanadin nan sa'ad da rumbuna suke cike. Da an jira har yunwa ta shigo, da ba a sami abin tarawa ba.

Mu ma a ƙasar Yauri samunmu na lokaci-lokaci ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwan tafkin yakan cika ya kuma ja baya kowace shekara, su da noman bakin ruwa kuwa suna bin sawunsa. Mai shinkafa yakan ga kuɗi da kaka, mai albasa da rani, ma'aikaci a ƙarshen wata. Amma tukunya kullum sai an ɗora ta. Sau nawa muka ga an sayar da hatsi da araha da kaka, an kashe kuɗin a buki, da marka kuma an koma kasuwa an sayo da tsada, ko an ci bashi? Bari in ba ku shawara huɗu.

Ta fari, ka sa wa burinka suna da farashi da rana. Cikin Luka sura 14 Ubangiji ya yi zancen mai son gina hasumiya, wanda yakan fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci. In kuɗin makarantar yara ne, ko sabon taru, ko injin jirgi, ka tambayi farashinsa ka rubuta. A ce Naira 120,000 kake bukata nan da mako 40. Ka ga Naira 3,000 ke nan kowane mako. Abin da ya yi kamar dutse ya zama kaya wanda za ka iya ɗauka.

Ta biyu, ka raba kuɗi ranar da ya shigo hannunka, tun kafin ka shiga kasuwa. Ka fid da zakka da baiko. Ka ware abincin gida na shekara, da jari, wato iri da taki da gyaran jirgi. Sa'an nan ka ware tanadi. In ɗaya cikin biyar ya fi ƙarfinka, ka fara da ɗaya cikin goma ko cikin ashirin, da rarrafe yaro kan tashi. Maigida da uwargida su zauna tare su yi lissafin nan, su rubuta duk abin da aka kashe har wata guda. Za su ga ƙofar da kuɗi yake bi yana fita.

Ta uku, ka ajiye wani abu domin ranar da ba ka zata ba. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, mai injin jirgi da ɗan acaɓa duk suka ji a jikinsu. Ciwo ma ba ya sallama. Ka yi ƙoƙari ka tara abin da zai riƙe gidanka wata uku, kada kuwa ka taɓa shi domin anko.

Ta huɗu, ka lura da inda kake ajiya. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30 cikin 100, saboda haka kuɗin da ya kwana shekara a asusu ya rame. Wani kashi ka sa a hatsi ko akuya, wani a adashe tare da amintattu, wani a banki mai lasisi. Tun 2024 hukumar NDIC tana ba ajiyar mutum a bankin kasuwanci inshora har Naira miliyan 5. Amma ka guji masu cewa za su ninka maka kuɗi cikin wata guda. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ma haka a Afrilu 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce, “Fasto, ashe, ba a ce kada mu damu da gobe ba?” Gaskiya ne, ɗan'uwana. Amma damuwa dabam, shiri dabam. Mai damuwa ba ya barci, mai shiri kuwa ya yi nasa ya bar sauran ga Allah. Ka tuna kuma, hatsin da Yusufu ya tara ya ciyar da Masar, ya ciyar da 'yan'uwansa da suka zo daga Kan'ana. Wanda ya yi tanadi shi ne zai iya taimakon gwauruwa da maraya ranar da suka ƙwanƙwasa ƙofarsa. Saboda haka, kafin ka kwanta yau, ka ɗauki takarda ka rubuta buri guda ɗaya, da farashinsa, da ranarsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin ruwa da ƙasa da ƙarfin aiki. Ka ba mu hikima mu riƙe amanar abin da ka sa a hannunmu, ka tsare mu daga almubazzaranci da rowa. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.