Shirin mota kafin fita waje



Hirarmu ta yau da kai ce, direban da zai ƙetare iyaka karon farko. Misali daga Maraɗi zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya.

Tun da saura kwana 3, kai mota gareji. A duba birki da fitilu da batir, a juye baƙin mai. Tayar da ta suɗe takan fashe bisa kwalta mai zafi, sake ta. Ɗauki safaya da jak da jarkar ruwa.

A iyaka za a nemi permi da kartigiris da asiransi. Tambaya tun gida ko asiransinka na aiki a Najeriya. In ba ya aiki, ka yi haɗari, kai za ka biya.

Kada ka yi tafiyar dare. Allah ya kiyaye hanya.