Filin Majami'a da Maƙabarta a Sababbin Unguwanni



Garuruwanmu suna faɗaɗa, daga Bagudo zuwa Ka'oje, Illo, Lolo, har Tsamiya bakin iyakar Benin. Gonar jiya ta zama fegi yau. Kuskurenmu shi ne, sai an kafa duwatsun awo an gama rabo, sa'an nan mu tashi neman filin majami'a da maƙabarta, a ce mana babu.

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da izininsa. Dokar tsara birane ta 1992 ta ba jama'a damar duba taswirar tsarin gari su kai ƙorafi a rubuce kafin a amince da ita. Wannan ne lokacin magana, amma kunya takan hana mu.

Majami'unmu da yawa kuma suna kan filin da wani dattijo ya bayar da baki. Allah ya sa masa albarka, amma jikokinsa ba su ji ba. Ibrahim ma da ya sayi kogon Makfela don binne Saratu, a gaban shaidu ya auna azurfa shekel 400.

Kada kuma mu karɓi fili a fadama don arha. Mun ga ambaliyar Kwara a 2020.

Kowace ikilisiya ta zaɓi dattawa biyu, su kawo takardun filinta taro mai zuwa.